Ranar da Madawaki Ya Ƙi Amsa Takensa

Hantsi bai gama ɗagawa ba Madawaki Jatau ya ji kiɗan. Yana tsaye a kan ganuwar Birnin Kurmasa, daidai Ƙofar Gabas, yana duban rundunar Jambala da ta kwana biyu jibge a gaban gari, sai sautin kotso ya ratso fili ya dake shi a ƙirji. Takensa ne. Shi aka kaɗa wa kakansa, shi aka kaɗa wa ubansa, kuma hannu ɗaya ne a duniya yake fitar da shi haka.

"Anaruwa," ya ce a hankali.

Shi ne kuwa. Tsohon makaɗin gidansu, wanda ya tafi ƙauye neman fatar kotso kwana huɗu da suka wuce bai dawo ba, ga shi can tsakiyar fili da igiya a kugunsa, mahaya biyu sun sa shi tsakiya. Bayansu Kauran Jambala, Nomau, yana kai da komowa a kan doki yana ɗaga mashi sama.

Dakarun da ke kan ganuwa suka juyo gaba ɗaya suna kallon Madawaki. Kowa ya san al'adar Kurmasa: basaraken da aka kaɗa wa takensa a gaban maƙiyi sai ya fita, ko da kuwa shi kaɗai ne. Wanda ya ji ya zauna, a ranar ake warware masa rawani, kuma ba a sake kaɗa wannan taken ga kowa a zuriyarsa. Wani ma har ya ruga ya ce a ɗaura wa dokin Madawaki sirdi.

"A mayar da shi turke," in ji Jatau.

Kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya san wannan zafin, shi ne ɗan saƙon farko. Shekara huɗu da suka wuce, a wani kwari can arewa, wannan Kaura Nomau ɗin ya tsaya nesa ya ambaci uwar Jatau da abin da baki ba ya maimaitawa. Jatau bai san lokacin da ya saki linzami ba. Doki ɗari biyu suka bi shi cikin kwarin, arba'in suka fito. Ƙanensa Tunau ba ya cikin arba'in ɗin.

Wata uku ya yi bai leƙa fada ba. Gwaggonsa ce, Magajiya Ladingo, ƙanwar ubansa kuma shugabar matan sarauta, ta shigo masa har ɗaki ba sallama, ta zauna a bakin gado.

"Kai fa ka iya yaƙi," ta ce masa a wancan lokacin. "Na ga yadda kake yi. Ka aika a gano maka yawan abokan gaba, a gano ta inda za su ɓullo, ba ka yarda ka yi karo a filin da suka zaɓa. To wannan abin da ke cikin ƙirjinka, da ya ci maka doki ɗari da sittin, sau nawa ka aika aka gano maka shi? Ta wace ƙofa yake shigowa? Da wa yake tahowa?"

"Gwaggo, hali ne. Haka Allah ya yi ni."

"Dokinka ma haka Allah ya yi shi da tsoron ganga. Yanzu ana kaɗa masa ita a kunne yana cin harawa. Wa ya yi masa wannan?"

Washegari ta aiko masa da Ɓaleri ɗan gambara, mutumin da bakinsa ya raba aure uku ya kuma sa wani Sarkin Pawa ƙaura daga gari. Aikinsa ɗaya: kullum da safe ya zauna a zauren Madawaki ya yi masa zambo, shi kuwa Madawaki ya sha kununsa har ya ƙare bai tanka ba. Ranar farko Ɓaleri ta katanga ya fita. Rana ta tara aka jefe shi da ƙwarya. Sai da aka yi damina biyu kafin Jatau ya iya jin an kira shi jan biri mai rawani ya ce a ƙaro masa kunu. Duk lokacin da ya tuna, sai ya yi wa tsohuwar nan addu'a a zuciyarsa, don ya san da ba ta shigo ɗakin nan ba da yanzu ƙasa ta daɗe da cinye shi.

Yana cikin wannan tunani wani dogari ya hawo da gudu. "Ranka ya daɗe, Sarki na kira. An cika a fada."

An cika kuwa. Sarki Gagarau na kan karaga, hakimai sun jeru dama da hagu, Magajiya na gefe a kan buzunta da carbi. Daga nan ma ana jin kotson, sama-sama, kamar bugun zuciya. Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. Tun bai gama zama ba Galadima Cindo ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Tun da aka aza tubalin garin nan ba a taɓa kaɗa taken Madawaki sau uku ba a buɗe ƙofa ba. Yau na ƙirga sau goma sha ɗaya. Mata na leƙe ta kan katanga suna tambaya ko Madawaki ya kurumce. Zaki, ba ni da wata gaba da ɗan'uwana Jatau, amma abin da kakanni suka kafa ya fi ni, ya fi shi."

Aka yi gunaguni na amincewa. Mai duban fada ya matso da faifan yashinsa ya ce shi ma yana da albishir. Tun da safe fararen tsuntsaye ke shawagi a kan busasshen rafin da ke hagun fili, fari kuwa nasara ce, kuma ta gefen Kurmasa suke.

Sarki ya dubi Jatau. "Madawaki, ka ji."

"Na ji, Allah ya ba ka nasara. Ina neman izini in tambayi malam, waɗanne irin tsuntsaye ne?"

"Balbelu," in ji mai duba.

"Zaki, ni ba malami ba ne, amma na yi kiwon doki tun ina ɗan shekara bakwai. Balbela ba ta bin nasara, dabba take bi, don ƙwarin da kofato ke tayarwa. Rafin nan ya ƙafe tun wata biyu, ba saniya ko ɗaya a cikinsa. In balbelu sun taru a kansa tun safe, dawakai ne a kwance a ciki, kuma ba kaɗan ba. Kaura Nomau ya shimfiɗa mini tabarma, ya kamo makaɗina ya yi mini kiran abinci. In na fita da doki ɗari huɗu, ya ja da baya kamar ya tsorata, na bi shi, su fito ta bayana. Ya taɓa yi mini. Ya san ni."

"Ashe tsoro ne," Galadima ya ce, yana murmushi.

Zafin ya sauko daga kunne zuwa wuya, daga wuya ya nufi hannun dama. Jatau ya bi shi da ido kamar yadda yake bin ƙurar maƙiyi daga kan ganuwa. Ga shi nan, ya iso inda ya saba isowa. Ya ɗora hannun a kan gwiwa ya danne da na hagu.

"Galadima ya yi gaskiya, akwai tsoro. Ina tsoron in sake zagaya gidaje ɗari da sittin ina yin ta'aziyya." Ya kai hannu ya fara warware rawaninsa a gaban kowa. Ya naɗe shi tsaf, ya rarrafa ya ajiye a gaban Galadima. "Taken nan na Madawaki ne, duk wanda ya ɗaura wannan shi ake kira. Galadima ya fi ni kishin al'ada. Ya ɗaura, ga dokina can da sirdi kusa, ni kuma zan riƙe masa likkafa da hannuna."

Galadima ya dubi rawanin kamar an ajiye masa kububuwa. Can gefe Magajiya ta yi wani tari wanda duk wanda ya san ta ya san ba tari ba ne.

"Allah ya taimaki Sarki," ta ce, "ni mace ce, ban san yaƙi ba. Amma na ga an naɗa Madawaki uku a garin nan, ban taɓa jin inda kakanni suka faɗi ko da wane lokaci ne za a amsa take ba. Sun ce a amsa. Ba su ce da hantsi ba."

Sarki ya shafa gemu. "Me kake nema, Jatau?"

"Rana, Zaki. Ita nake so ta yi mini rabin yaƙin. Bazara ce. Mutanen da ke cikin rafin nan sanye suke da lifidi, kayan yaƙin nan masu kauri, su da dawakansu, tun kafin gari ya waye. Rijiyoyin waje duk na sa an cike su kafin su iso. Ruwa ɗaya ya rage musu, Tafkin Kada, kuma ya fi kusa da Ƙofar Yamma fiye da sansaninsu."

"Ɗauki rawaninka," in ji Sarki. "Na ba ka zuwa la'asar. In ladan ya kira salla ba ka amsa ba, ba kai za ka warware shi ba, ni zan sa a warware, kuma gidanku ya yi sallama da kotso har abada."

Jatau ya koma kan ganuwa. Ya kira Sarkin Baka ya ce ya zame da maharba ɗari uku ta Ƙofar Yamma, goma-goma, su bi cikin ramukan marina su kwanta a duhuwar da ke bakin tafki. Mahaya kuma su tsaya a bayan ƙofar, ba lifidi, ba sulke, a shayar da dawakai su ƙoshi. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inda maƙiyi za su gan shi sosai, ya zauna, Ɓaleri na gefensa da gambara a rataye.

Rana ta take. Ƙasa ta fara turiri. Anaruwa na ta kaɗawa, in ya sassauta a zabga masa bulala. Da Kaura Nomau ya ga kiɗa bai yi ba, sai ya sa maroƙansa suka matso inda kibiya ba ta kaiwa suka buɗe baki. Suka ce Madawakin Kurmasa ya yi lalle yana jiran a kai shi ɗaki. Suka ce a aiko masa da zane da adiko.

Ɓaleri ya tsartar da yawu. "Ranka ya daɗe, waɗannan a ina suka yi koyo? Wallahi ko almuru na tashi daga barci na fi su. Ji fa, lalle! Wannan ai na yi maka shi tun damina ta farko, ka ce ba gishiri."

Dakarun da ke kusa suka tuntsire da dariya. Amma can ƙasa, cikin gari, ba dariya ake ba. Jatau na jin mata na cewa wayyo Kurmasa, yana jin samari na buga ƙofa suna cewa a buɗe musu in manya sun gaza.

Azahar ta yi, ta gota. Balbelu na nan a kan rafi, ba abin da ya motsa. Inuwar ganuwa ta fara miƙewa gabas, ta kai tsawon mashi, ta wuce. Jatau ya fara tambayar kansa ko dai Kaura ya kai wa mutanen rafin ruwa a salka tun jiya.

Sai Kaura Nomau ya sauya doki. Aka jawo masa wani akawal mai farin goshi, ya hau, ya zo har gaban Anaruwa ya sa dokin rawa. Dokin Tunau ne. Jatau da kansa ya hore shi ya ba ƙanensa ranar da aka yi masa aure.

"Jatau!" Kaura ya ɗaga murya. "Ka san abin da ƙanenka ya ce da na tsaya a kansa? Sunanka ya yi ta kira! Yaya, Yaya! Ina ka tafi a lokacin?"

Jatau bai san ya miƙe ba. Ya dai tsinci kansa a kan matakala ta huɗu, takobi rabi a waje, bakinsa a buɗe zai ce a buɗe ƙofa. Duniya ta yi ja. A nan ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama. Wannan ba ɗan saƙo ba ne, rundunar ce gaba ɗaya ta shigo gari, kuma shi kaɗai ba zai iya da ita ba. Ya yi abin da yake yi in gefe ɗaya na dagarsa ya fara karyewa: ya nemi gudummawa.

"Ɓaleri," ya ce. "Zage ni."

"Ranka ya daɗe?"

"Zage ni, da ƙarfi, kada in ji shi!"

Ɓaleri ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya rungumi gambara ya doka. Ya ce ga jan biri ya ga ayaba a cikin tarko yana lashe baki. Ya ce ga mai kan tulu, wanda aka haƙa wa rami ɗaya sau biyu yake tambaya ko an ƙara masa zurfi. Ya shiga hancin Jatau ya fita, ya koma kan tafiyarsa, ya gangara kan yadda yake shan kunu kamar rijiya na haɗiye guga. Bai taɓa zagi irin na ranar ba, yana yi hawaye na zubo masa. Jatau ya tsaya a kan matakalar yana saurare, kalma bayan kalma, kamar kowace safiya a zaurensa, har jan da ke idonsa ya washe. Ya mayar da takobi kube. Ya hawo, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya zauna.

"Na gode," ya ce.

"Kai dai ka ba ni riga in mun rayu," in ji Ɓaleri, yana share fuska.

Ba a yi nisa ba wani dakare ya nuna hagu. "Ranka ya daɗe, tsuntsaye!"

Balbelu sun tashi gaba ɗaya. Daga cikin rafin dawakai suka fara fitowa, ba a jere ba, ba a guje ba, kawunansu a ƙasa, kumfa na zuba daga bakinsu. Mahayan sun tuɓe lifidi sun ɗora a gaban sirdi, wasu ma jan dawakan suke a ƙasa. Jatau ya ƙirga har ɗari bakwai ya daina. Wani jarumin Kaura ya sheƙa ya tare su yana zagi, ba wanda ya ko dube shi. Doki ya ji ƙanshin ruwa. Suka miƙe yamma.

Jatau ya bari sai da na gaba suka tsoma baki a tafki, na baya suka cunkushe a kansu, aka sassauta majayin sirdi. Sannan ya sauka, a hankali wannan karon, ya hau doki.

"A buɗe Ƙofar Yamma. A bar musu hanyar arewa, kada kowa ya tare ta. Wanda ya ga hanyar gida ba ya tsayawa faɗa."

Kibau ɗari uku suka tashi daga duhuwa lokaci guda. Kafin mutanen Jambala su gane ta ina, dawakan Kurmasa, ƙosassu, marasa nauyi, sun afka musu ta gefe. Wanda ya taka likkafa sai sirdi ya juye da shi. Wanda ya nemi lifidinsa sai ya tarar doki ya tattake shi cikin laka. Ba a yi tsawon cin tuwo ba aka ji wani ya yi ihu cewa arewa a buɗe take, sai rundunar ta karye kamar karan dawa. Jatau bai bi su ba. Ya zagayo da mahaya ɗari ta bayan fili, ya ɓullo wa Kaura Nomau ta inda bai taɓa waiwayawa ba. Jatau ya yi fito irin na gidansu, akawal ɗin ya ji ya yi turjiya, ya miƙe tsaye, ya zubar da Kaura a ƙasa. Ana danne shi ladan na ɗaga murya a cikin gari.

Jatau ya dira ya yanke igiyar da ke kugun Anaruwa. Yatsun tsohon sun farfashe, fatar kotso ta yi ja.

"Baba, ka yafe mini. Na bar ka a rana."

"Yafe me?" Anaruwa ya kama rigarsa da hannu biyu. "Shekara arba'in ina kaɗa taken gidanku, yau ne kaɗai na kaɗa ina roƙon Allah kada a amsa. Na ga abin da ke cikin rafin nan da idona. Duk bugu ɗaya sai in ce, ya Allah ka toshe kunnen yaron nan. Allah ya yi maka albarka, Jatau. Ubanka ma da ya fito."

Jatau ya sunkuyar da kai. Sannan ya kira wani barde. "Je ka gidan Magajiya. Ka ce ɗanta ya ce yana nan tafe, ba a kan doki ba, a ƙasa, kuma ba zai shiga da takalmi ba."

Aka jawo Kaura Nomau a ɗaure, aka durƙusar da shi. Leɓɓansa sun bushe, amma bakin bai mutu ba.

"To, ga ni, Madawaki. Ni na soke shi, nan, a ƙarƙashin haƙarƙari. Bai mutu da wuri ba. Sare ni mana, ko sai an kaɗa maka kotso?"

Mahaya suka ja baya don su ba takobi wuri. Jatau ya dube shi, ya ga yadda yake miƙo wuya, yana gaggawa. Mutumin da ya yi wuni guda yana jira a rana, me ya sa yanzu yake sauri?

"Mutum huɗu ne a Kurmasa suka san ƙauyen da Anaruwa ya tafi," ya ce. "Ni, da shi, da matarsa, da wanda ya ba shi izinin fita ta ƙofa. Ku ba Kaura ruwa. Ku ɗora shi a kan jaki, kada ko ƙwarzane ya same shi. Sarki zai so ya ji wanda ya nuna masa hanya."

Kaura Nomau ya janye wuyan da yake miƙowa, ya kau da kai.

Suka shiga ta Ƙofar Gabas, mata na guɗa, samarin da suka yi ta buga ƙofa da rana suna rige-rigen riƙe linzamin Madawaki. Labarin fursunan da ke kan jaki ya riga su isa fada. Ko da suka shiga, Sarki na kan karaga, hakimai sun jeru dama da hagu. Buzun Galadima Cindo, mai ba da izinin fita ta ƙofa, na nan a shimfiɗe, da ɗuminsa. Takalmansa ma na nan a bakin ƙofa, a jere. Shi ne dai babu.